Kuɗin wa ke magana a cikin gem?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayen da suka daure suka zo, da ku matasan da kuka cika bayan ɗaki, barkanku da zuwa. Lokacin da aka ba ni ba shi da yawa, don haka zan shiga maganar kai tsaye.

A farkon Oktoban 2019 aka yi wata gasar Hearthstone, gem ɗin kati na kamfanin Blizzard da ke Amurka. Wani saurayi ɗan Hong Kong, Ng Wai Chung, wanda 'yan gem suka sani da Blitzchung, ya ci wasansa, aka kira shi hira kai tsaye. Ya bayyana da takunkumin hayaƙi a fuska, irin wanda masu zanga-zanga ke sawa a titunan garinsu a lokacin, ya faɗi taken zanga-zangar na neman 'yancin Hong Kong. Masu gabatarwa biyu da ke hira da shi sun sunkuyar da kai bayan tebur kafin ya faɗa. Cikin kwana biyu Blizzard ta dakatar da shi shekara guda, ta ƙwace kuɗin kyautarsa, kimanin dala 10,000, ta kuma raba gari da masu gabatarwar nan biyu.

Abin bai yi wa ma'aikatan kamfanin daɗi ba. A harabar ofishinsu da ke Irvine, jihar Kalifoniya, akwai wani mutum-mutumi da aka zagaye da kalmomin da kamfanin ke tinƙaho da su, ɗaya daga ciki na cewa kowace murya tana da daraja. Wasu ma'aikata suka samo takarda suka liƙe a kan rubutun, suka rufe shi. Wasu suka fito suka tsaya da laima a hannu, don laima ce alamar masu zanga-zangar Hong Kong. 'Yan majalisar Amurka daga jam'iyyun biyu suka soki kamfanin. Da wuta ta yi wuta, Blizzard ta rage hukuncin zuwa wata shida, ta mayar masa da kuɗinsa, shugabanta na lokacin, J. Allen Brack, ya ce hulɗarsu da China ba ta da hannu a hukuncin. Dokar gasa ce kawai, in ji shi, ba a kawo siyasa fagen wasa.

To, ku riƙe wannan hujja a ranku, mu ƙara wata takwas. Yunin 2020, bayan kashe George Floyd, uwar kamfanin nan, Activision Blizzard, ta sa saƙon goyon bayan baƙaƙen fata a fuskar Call of Duty, ta yadda duk wanda ya kunna gem ɗin sai ya karanta kafin ya shiga wasa. A 2022 da Rasha ta shiga Yukren, manyan kamfanoni suka daina sayar da kaya a Rasha, kamfanin EA ma ya cire ƙungiyoyin ƙwallon Rasha daga gem ɗinsa na FIFA 22. Ni ban ce waɗannan matakan ba daidai ba ne. Abin da nake so ku gani shi ne, kamfanonin da suka ce ba sa siyasa suna yin ta da rana tsaka idan kasuwarsu za ta karɓa. Maganata ta yau ke nan: girman kamfani da kuɗin masu zuba jari ba sa wanke gem daga siyasa. Tankaɗe ta suke yi. Wadda ba ta taɓa aljihu ta wuce, wadda za ta rufe wata kasuwa ta tsaya a rariya.

Me ya sa haka? Mu bi kuɗin.

A 2013 wani mutum guda, Lucas Pope, ya fitar da Papers, Please. Kai ne jami'in shige da fice a kan iyakar wata ƙasa ta kama-karya. Mutane na zuwa tagarka ɗaya bayan ɗaya da fasfo. Ana biyanka gwargwadon yawan waɗanda ka sallama, idan ka yi kuskure a ci ka tara. Sai ga wani mutum takardunsa sun cika, ka buga masa hatimi, ya ce matarsa na bayansa, ka taimaka. Matar ta zo, takardarta ɗaya babu. Idan ka bar ta ta wuce, ka karya doka, kuma tara na iya hawa kanka. Da dare kuma ga lissafin gida: haya, abinci, wuta, maganin ɗanka da ba shi da lafiya. Babu wanda ya yi maka wa'azi a kan zalunci, hannunka ne ke buga hatimin, kai da kanka za ka ji yadda ƙaramin ma'aikaci ke zama ƙafar azzalumi don ya ciyar da iyalinsa. Pope bai nemi izinin kowa ba, domin ba kuɗin kowa a ciki sai nasa. Da gem ɗin ya faɗi, shi kaɗai zai yi asara.

Ku kwatanta da manya. A shari'ar da aka yi a 2023 kan sayen Activision da Microsoft ta yi, wanda ya kai kusan dala biliyan 69, wata takardar Sony ta fito da kuɗin da aka kashe wa gem biyu: The Last of Us Part II dala miliyan 220, Horizon Forbidden West dala miliyan 212. Ɗaruruwan ma'aikata, shekara biyar zuwa shida ana biyan albashi kafin a sayar da kwafi ɗaya, ban da kuɗin talla. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai iya cewa mutum dubu ɗari sun ishe shi ba. Yana bukatar miliyoyi, a Amurka da Turai da Asiya da ƙasashen Larabawa, masu ra'ayin riƙau da masu sassauci, duk su saya. Daga nan kowace jimla da marubuci ya rubuta sai an auna ta da tambaya ɗaya: su wa za mu rasa?

Wani babban jami'in Ubisoft Massive da ke Malmö a ƙasar Suwidin, Alf Condelius, ya faɗi abin a fili a wani taro a 2018. Ya ce ba sa so su ɗauki ɓangare a siyasar yau, kuma idan ana son gaskiya, yin hakan yana cutar da kasuwanci. Na fi girmama wannan amsa a kan ta sauran, domin aƙalla bai ɓoye ba. Amma ku dubi gem ɗin da situdiyonsa ke haɗawa a lokacin, The Division 2, wanda ya fito a 2019. Birnin Washington ya ruguje bayan annoba. Fadar White House ce sansaninka. Kai jami'in gwamnati ne na sirri, an ba ka bindiga da ikon harbe duk wanda ka ga ya zama barazana, ba kotu ba alƙali, kana yaƙi a gaban majalisar dokoki. Sai masu gem ɗin suka ce ba wata magana ta siyasa da suke yi. Jama'a, gem ɗin da ke koya maka cewa idan ƙasa ta rikice maganinta shi ne mutum mai bindiga wanda ba ya amsa wa kowa, ai ya gama faɗar ra'ayinsa. Abin da aka cire kawai shi ne sunan jam'iyya da sunan shugaba.

Akwai wanda ya fi wannan ci mini rai. A Fabrairun 1991, sojojin Iraƙi na janyewa daga Kuwait a kan babbar hanyar da ta nufi Basra, jiragen Amurka da ƙawayenta suka yi musu ruwan bama-bamai. Motoci suka ƙone jere a kan hanya, har aka sa wa wurin suna Hanyar Mutuwa. Duk wanda ya karanta tarihin yaƙin Tekun Fasha ya san wannan suna. A 2019 Call of Duty: Modern Warfare ya fito da wata ƙasa ta ƙirƙira mai suna Urzikstan, a cikinta akwai wurin da ake kira Hanyar Mutuwa, kuma gem ɗin ya ce Rasha ce ta yi wa masu gudu ruwan bam a wurin. Yaro ɗan shekara sha biyar da bai taɓa jin labarin 1991 ba, a nan zai fara jin sunan, haɗe da wani mai laifi daban. Wannan gem ya sayu da miliyoyi. Waɗanda suka yi shi ma sun ce ba siyasa suke ba.

Har abokin gaba ma kasuwa ce ke zaɓensa. Gem ɗin Homefront na 2011 labarin mamaye Amurka ne. Da farko China aka shirya a matsayin mai mamaya, sai aka mayar da ita Koriya ta Arewa. Ko mai ƙaramin sani ya san wace ce a cikin biyun ke da ƙarfin da labarin zai yi kama da gaskiya. Amma Koriya ta Arewa ba ta sayen gem, ba ta ƙera na'ura, ba ta zuba jari a kowane kamfani. Shi ya sa za ku lura maƙiyi a manyan gem kusan kullum ɗaya ne daga cikin 'yan ƙalilan: ɗan Rasha, ko Balarabe mai rawani a wata ƙasa marar suna, ko madugun 'yan tawaye a wani daji na Afirka. Mutanen da ɓacin ransu ba ya rage ribar kowa.

Bari in daɗe kaɗan a kan China, don a nan ne ake ganin yadda injin ke aiki. Kamfanin waje ba ya sayar da gem a kasuwar China ta hukuma shi kaɗai. Dole ya sami abokin hulɗa na cikin gida, irin su Tencent ko NetEase, kuma dole kowane gem ya sami lasisin hukuma. A 2018 hukumar ta daina ba da lasisi wajen wata tara, kamfanoni suka ji a jikinsu. A shekarar ce Tencent ta sayi kashi 5 cikin ɗari na Ubisoft, a ƙarshenta kuma Ubisoft ta sanar za ta cire hoton ƙoƙon kai da jinin bango da injinan caca daga Rainbow Six Siege, ga kowa a duniya, domin shirin shiga kasuwannin Asiya. Sai da 'yan wasa suka yi ca a kanta ta janye.

Labarin Devotion ya fi zafi. Wani ƙaramin situdiyo ne a Taiwan, Red Candle Games, wanda tun a 2017 ya yi suna da Detention, gem na ban tsoro da ke ba da labarin wata makaranta a zamanin mulkin danniya na Taiwan a shekarun 1960, lokacin da karanta haramtaccen littafi ke kai ɗalibi kurkuku ko kabari. A Fabrairun 2019 suka fitar da Devotion. 'Yan kwanaki kaɗan wani ya gano wata takardar laya manne a bangon wani ɗaki a cikin gem ɗin, da rubutun da ke yi wa Shugaba Xi Jinping shaguɓe. Situdiyon ya ba da haƙuri, ya cire, ya ce ba da niyyar ya fita aka bar shi ba. Bai wadatar ba. Gem ɗin ya bar Steam, babban kantin sayar da gem a intanet, kamfanin China da ya ɗauki nauyin rarraba shi, Indievent, aka soke masa lasisin kasuwanci. A Disambar 2020 kantin GOG, wanda a lokacin mallakar kamfanin CD Projekt ne da ke Poland, ya amince zai sayar da shi. Cikin 'yan sa'o'i ya janye, ya ce saƙonni da yawa ya samu daga 'yan wasa. A makon da ya gabata kenan CD Projekt ta fitar da Cyberpunk 2077, wanda take da masu saye da yawa a China. Idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Daga ƙarshe a 2021 Red Candle ta buɗe kantinta na kanta a intanet ta sayar da kayanta.

Ku lura, a yawancin waɗannan labarai ba sai wani jami'i ya buga waya ya ce a cire kaza ba. Masu harkar fim a cikinku sun san abin da nake nufi: sau da yawa tun kafin fim ya isa teburin masu tacewa, furodusa ya riga ya yanke fitowar da yake jin za ta jawo magana, domin kuɗin wani ne a hannunsa. Haka abin yake a manyan situdiyo. Marubuci ya kawo labari mai haƙori. Sashen shari'a ya duba, sashen talla ya duba, masu kula da kasuwannin waje su duba, kowa ya ɗan goge gefe ɗaya, kowa kuma da hujjarsa mai kyau. Babu mugu ko ɗaya a ɗakin. Amma abin da zai fito ƙarshe ya zama sumul, ba ya yanka kowa. Marubucin da aka yi wa haka sau uku, karo na huɗu ba zai ma kawo ba.

Kada dai ku fita daga nan da fahimtar cewa duk wanda ya karɓi kuɗin waje ya sayar da bakinsa. Lokacin rikicin Blitzchung, Tencent kashi 5 cikin ɗari kacal take da shi a Activision Blizzard. A kamfanin Epic, masu Fortnite, a lokacin tana da kusan kashi 40 da ta saya a 2012. Duk da haka shugaban Epic, Tim Sweeney, ya fito ya ce ba za su hukunta ɗan wasa don ya faɗi ra'ayinsa na siyasa ba, kuma dalilin da ya bayar shi ne, shi ke riƙe da rinjayen ƙuri'a a kamfanin. Don haka yawan kason mai jari ba shi ne komai ba. Abu biyu ne suka fi nauyi: wa ke da ikon yanke hukunci na ƙarshe, kuma daga wace kasuwa ake sa ran mayar da kuɗin.

Wannan batu na iko shi ya ci mutanen situdiyon ZA/UM. Wasu marubuta da masu zane ne a Istoniya, abokan juna, ba su taɓa yin gem ba. Suka sami masu zuba jari, suka yi shekaru suna aiki, a Oktoban 2019 suka fitar da Disco Elysium. Kai ɗan sanda ne da ya farka ba ya tuna sunansa, a wata unguwar tashar jiragen ruwa inda ma'aikata ke yajin aiki, ga gawa rataye a bishiya bayan masauki. Kana zama da shugaban ƙungiyar ƙwadago, kana zama da wakiliyar kamfani, gem ɗin yana tona asirin 'yan gurguzu da 'yan jari-hujja da masu wariyar launi da masu cewa su 'yan tsaka-tsaki ne, bai ƙyale kowa ba. Ya ci kyauta huɗu a bikin The Game Awards na shekarar, har ɗaya daga marubutan, Helen Hindpere, ta gode wa Marx da Engels a kan dandamali. Ko kana tare da ra'ayinsu ko ba ka tare, ba za ka ce ba su da abin faɗa ba. A 2022 sai labari ya fito cewa jagoran marubutan, Robert Kurvitz, da babban mai zanen, Aleksander Rostov, da Hindpere duk ba sa kamfanin. Su sun ce an karɓe rinjayen hannun jari ta hanyar da ba ta dace ba. Kamfanin ya ce halayensu a wurin aiki ne suka jawo kora. Magana ta kai kotu. Ni ba alƙali ba ne a tsakaninsu, amma sakamakon a bayyane yake: duniyar da Kurvitz ya yi shekaru yana ƙirƙira tun kafin a kafa kamfanin ta zama mallakar kamfani, shi kuma yana waje. Ba a canza ko jimla ɗaya a cikin gem ɗin ba. Bakin da zai faɗi na gaba aka raba da aikin.

Akwai kuma waɗanda kuɗin ba ya zuwa musu tun farko, kuma wannan ma tacewa ce. Rasheed Abueideh Bafalasɗine ne. A 2016 ya yi ƙaramin gem na waya, Liyla and the Shadows of War, kan wani uba da ke ƙoƙarin tsere wa bama-bamai da iyalinsa a yaƙin Gaza na 2014. Apple ta ce ba za ta sa shi a rukunin gem na kantinta na manhajojin waya ba, ya kai shi rukunin labarai. Wato harbin Larabawa a Call of Duty wasa ne, gudun Balarabe daga harbi kuma siyasa ce. Sai da mutane suka yi surutu Apple ta sauya. Da ya tashi yin gem na biyu, kan korar Falasɗinawa ta 1948, ya ce kamfanonin da ya nema sun ƙi, sai ya koma neman gudummawar jama'a ta intanet.

Yanzu wani sabon mai kuɗi ya shigo fagen, kuma wannan ya shafi gem ɗin da kuka fi bugawa. Asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya kafa Savvy Games Group, aka ware masa kusan dala biliyan 38. Ya sayi kamfanonin gasa na ESL da FACEIT, ya sayi Scopely a kan dala biliyan 4.9 a 2023, asusun kuma ya sayi hannun jari a Nintendo. A Satumban 2025 aka sanar cewa asusun, tare da kamfanin zuba jari na Silver Lake da kamfanin Jared Kushner, surukin Donald Trump, za su sayi EA baki ɗaya a kan dala biliyan 55. EA ita ce mai gem ɗin ƙwallon da ake bugawa a gidajen gem na unguwanninmu, ita ce mai Battlefield da The Sims. Wasunku za su ce madalla, ko ba komai Musulmi sun sami murya, wataƙila a daina nuna mu a matsayin 'yan ta'adda. Ina fatan haka. Amma gwamnati ce ke saye, kuma kowace gwamnati tana da abin da ba ta so a taɓa. Sannan kusan dala biliyan 20 na cinikin bashi ne, wanda kamfanin ne zai riƙa biya daga ribarsa. Kamfanin da ke ɗauke da irin wannan bashi ba shi da sararin gwada labarin da zai iya ɓata wa wata kasuwa rai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ƙannena masu son shiga wannan sana'a, akwai misali kusa da mu. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa suka kafa Kiro'o Games, suka fitar da Aurion a 2016. Maimakon su miƙa kamfanin ga babban mai kuɗi guda, sai suka yanka hannun jarin ƙanana suka sayar wa mutane da yawa. Daga baya suka yi gem na waya, Le Responsable Mboa, inda kake ƙaramin ma'aikacin gwamnati a wata jamhuriya ta ƙirƙira, ana miƙo maka cin hanci, kana zaɓar karɓa ko ƙi, kana ganin abin da kowanne ke jawowa. Hanyarsu tana da wahala, kuɗin ba ya zuwa da yawa kuma ba ya zuwa da sauri, amma babu mutum guda da zai iya kiran taro ya ce a cire batun cin hanci.

Ranar da wani zai zo muku da takardar zuba jari, kafin ku dubi adadin kuɗin, ku nemi lauya ya karanta muku wurare uku. Sunan wa ke kan haƙƙin mallakar labarin da 'yan wasan cikinsa? Ƙuri'a nawa ake bukata a cire wanda ya kafa kamfanin? Kuma shin mai jarin yana da ikon hana fitar da wani abu, ko shawara kawai yake bayarwa? Idan ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ne, a sa hannu a gyara daga baya, kada ku sa.

Na ga mai kula da lokaci yana ɗaga mini hannu. A kawo tambayoyi, mu fara da 'yan'uwa mata da ke wancan gefen.